Ranar da muka kawo wa Magajiya ango

Tun kafin a haife ni Magajiya take gidanmu. Marigayi Baba ne ya zo da ita daga wata tafiya da ya yi Damagaram, a cikin kwalin sabulu, lokacin ba ta wuce tafin hannu ba in ji Hajiya. Yau in za a ɗaga ta sai an samu ƙarti biyu, su ma sai sun yi nishi. Bara da muka sa ta a buhu muka rataya a sikelin 'yan gwangwan na bakin layinmu, kilo 41 ta yi.

Macen kunkuru ce, irin manyan nan masu ruwan ƙasa na bakin Sahara, waɗanda ake samu tun daga Senegal da Muritaniya, a biyo ta Mali da Nijar da Chadi har Sudan da Habasha. Masana suna ce musu sulcata. A duk kunkurayen tudu na duniya, na tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi su girma. Mu dai a gida ba wannan kallon muke mata ba. Ita ce wadda yara ke hawa kamar jaki har sai Hajiya ta daka musu tsawa, ita ce mai bin duk macen da ta sha jan lalle a ƙafa tana zaton tumatir ne. Mutanen unguwa da yawa sun ɗauka don tsari muke ajiye da ita, wai gidan da ke da kunkuru sammu ba ya kama shi. Baba in an faɗa masa haka dariya yake yi, ya ce shi abin da ya sani tana rage masa ɓawon kankana.

Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa ganin ta tanka wa kowa ba. Kaji na tsattsagar abinci a gabanta, kyanwa na shan hantsi a kan ƙoƙonta. Shi ya sa da abokina ya zo da maganar barbara ban kawo komai a raina ba.

Tare muka yi firamare da shi. Yanzu yana Rijiyar Zaki, kuma gidansa ba abin da babu: tattabaru, zomaye, talo-talo, har da wata barewa da ta taɓa yi masa ɓarna a ɗakin matarsa. Ya zo gaida Hajiya bayan sallar layya, ya tsaya yana kallon Magajiya, sai ya ce, "Mutumina, wannan baiwar Allah haka za ta ƙare? Suna Magajiya, ba magaji?" Ashe yana da namiji. Da na je gani ya birkice mini shi ya nuna mini alamomin: cikinsa ya lotsa kamar akushi, wutsiyarsa doguwa ce tana lanƙwashe a gefe, ga wasu ƙahoni biyu na ƙoƙo da suka fito ta ƙarƙashin wuya kamar cokali mai yatsa. Magajiya kuwa cikinta shafe yake kamar faifai, wutsiyar 'yar guntuwa. Namiji ne, ba tantama. Abin da muka gani muka kau da kai shi ne girmansa. A wannan jinsin namiji ne ke fin mace, wani har ya haura kilo 80, amma wannan bai gama tasawa ba. Kilo 23 ne. Yara tun a ranar suka raɗa masa Ango.

Abokina ya ce lokacinsu bayan ɗaukewar ruwa ne, daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma gaskiyarsa. Sauran lissafin kuwa na masu awaki muka yi: a haɗa akuya da bunsuru, kwana biyu a raba, a jira wata biyar.

Wata Lahadi a cikin Oktoba ya ɗauko shi a a-daidaita-sahu har Ƙofar Na'isa. Sai da aka yi ciniki na biyu da direban, don Ango ya yi masa fitsari a kan shimfiɗar ƙafa, abin da kunkuru kan yi in ya tsorata. Tsakar gidanmu irin ta cikin gari ce, taku goma sha biyu ne tsawonta, faɗin bai kai haka ba, kuma duk siminti ne in ban da lungun bishiyar gwaiba inda raminta yake. Hajiya na zaune a tabarma tana gyaran zogale. Ta dube mu, ta dubi abin da muka dire, ta ce, "Kai ɗan nan, a garin ga wa ka taɓa ganin an ɗauko ango an dire shi a ɗakin amarya? Ko sallama babu?"

Muka yi dariya.

Minti biyar na farko ba abin da ya faru. Ango ya fito da kai, ya shaƙi iska, ya nufe ta yana kewaya ta a hankali. Ita tana cin yakuwa. Sai na ga ta daina tauna, ganye na reto a bakinta. Ta miƙe a kan ƙafafunta huɗu, ta ɗaga ƙoƙon nan sama da ƙasa, ni ban taɓa sanin ƙafafunta sun kai haka tsawo ba. Ta mayar da kai ciki, ta yi wani huci, ta zabura. Ƙarar da muka ji kamar an gwara turmi biyu. Ba ta ja da baya ba. Ta cusa gaban ƙoƙonta ƙarƙashin gefensa, ta dinga tura shi yana ƙurzar siminti har jikin bangon madafa, ta ɗaga, sai ga Ango rigingine yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Yara suka ɗauki ihu kamar a gidan dambe. Wanda ya ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, bai ga Magajiya a ranar nan ba.

Abokina ya ce, "Rabu da su, ai haka suke soyayyarsu." Muka tayar da shi. Ta sake. Muka tayar, ta kuma. A karo na huɗu abokina ya sa ƙafa a tsakani, ta matse masa babban yatsa da bango, sai da farcen ya yi baƙi daga baya ya cire.

A nan ya kamata a nemo a-daidaita-sahu a mayar da shi. Ba mu yi ba. Kunya ce ta hana ni, mutum ya ɗauko dabbarsa tun daga Rijiyar Zaki, ga kuɗin mota, ga na fitsari. Muka kwantar da benci a tsakiyar gidan, muka tokare da bulo huɗu, wai su kwana suna jin warin juna, gobe sa saba.

Washegari ina shago a Kantin Kwari, wajen sha biyu da rabi, uwargida ta kira. "Abban yara, ka taho yanzu. Ta ture bencin, ta sake birkice shi a rana, kuma ba ya motsi." Ta je unguwa ne da safe, Hajiya kuma tana ɗaki, ba wanda ya ji. Kafin na iso ita da wani almajirin gidan sun juya shi sun ja shi inuwa, tana yayyafa masa ruwan randa. Bakinsa duk kumfa, idanu a rufe, ga tsagewa a gefen ƙoƙon wajen ƙafar baya, jini na tsattsafowa. Magajiya kuwa tana bakin raminta, ko a jikinta.

Ranar na san cewa huhun kunkuru a sama yake, manne da rufin ƙoƙo, don haka in ya kwanta rigingine kayan cikinsa ne ke danne huhun. Ƙara da ranar Kano ta Oktoba a kan siminti. Na kuma san cewa ƙoƙon nan da yara ke ƙwanƙwasawa ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, yana jini, yana jin zafi. Wata likitar dabbobi ce ta gaya mana, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta wanke ciwon da aidin, ta ce a tsare shi daga ƙuda don kada ya yi tsutsa, a dinga jiƙa shi a ruwa marar zurfi ya sha. Da ta gama da shi sai ta juyo kaina, kamar alƙali.

"Alhaji, kwana nawa kuka killace shi kafin ku haɗa su?"

Na ce ko ɗaya.

Ta girgiza kai. Ta ce baƙon kunkuru sai ya yi watanni shi kaɗai ana lura da shi, don akwai ciwon numfashi da suke ɗauka a junansu, wanda za ka ga hanci na yoyo, kuma mai ɗauke da shi yana iya zama garau a ido. Ta tambayi girman tsakar gidan, na faɗa mata. Ta tambayi shekarun da macen ta yi a wurin ita kaɗai, na faɗa mata. Sannan ta ce, "Cin abincinta fa, yana nan yadda yake? Ba ta haƙa da ƙafafun baya?"

Nan jikina ya yi sanyi. Kusan mako biyu kafin zuwan Ango, Magajiya ta rage ci. Harawar da nake sayo mata sai ta yini ba ta taɓa ba. Da la'asar sai ta kama bin bango, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kuma sau biyu na gan ta tana ƙurzar siminti da ƙafafun baya. Na ɗauka canjin yanayi ne. Likita ta ce ramin kwana da ƙafafun gaba suke haƙa shi. In ka ga mace ta juya baya tana haƙa, gurbin ƙwai take nema.

Na ce, "Ƙwai kuma, Likita? Wannan fa ba ta taɓa ganin namiji ba sai jiya."

Ta ce, "Kajin gidan gona fa, Alhaji, sai da zakara suke ƙwai?"

Ta ƙara da cewa macen da ke ɗauke da ƙwai ta rasa inda za ta zuba ba ta ƙaunar komai kusa da ita, ko 'yar'uwarta mace ce za ta tunkuya. Kuma in ta riƙe ƙwan ya daɗe yana iya maƙale mata, abin ya kai ga aiki ko ga asarar rai. Wato ni ina can ina shirin biki, ita tana fama da naƙuda a kan siminti.

Da labarin ya bazu, kowa da fassararsa. Wani a majalisarmu ya ce tsufa ne ya sa ta mugun hali. Wani ya ce macen da ta daɗe ba miji haka take, aka yi ta shewa. Wata maƙwabciyarmu ta ce dama dabbar da ta shekara arba'in a gida ba ita kaɗai ba ce, a nemi malami. Ni duk ban yarda ba, kuma ba don tawa ce ba.

Kunkurun nan a dajinsa ba ya zaman garke. Kowanne da raminsa, mai zurfin gaske, inda yake fakewa daga zafin rana. Mace da namiji haɗuwar hanya suke yi, a gama, kowa ya kama gabansa. In ba ta so, tafiyarta take yi, daji da faɗi. A tsakar gida mai taku goma sha biyu ina za ta? Duk inda ta juya yana gabanta, a bakin kwanonta, a hanyar raminta, a wurin da ta shekara arba'in tana shan hantsi. Abu biyu suka rage mata, ta ƙunshe cikin ƙoƙo ko ta fitar da shi. Ta auna shi ta ga rabinta ne.

Kuma maganar abokina ta "haka suke soyayyarsu" ba ƙarya ce zalla ba, juya ta ya yi. Namijin ne ke neman mace da tunkuyi. Ya kewaye ta, ya buga mata ƙoƙo, ya hana ta sakat har sai ta tsaya, in ya hau kuma ya dinga wani gurnani da za a ji daga zaure. Maza biyu in suka haɗu, da ƙahonin nan na ƙarƙashin wuya suke ƙoƙarin birkice juna. Shi ya sa masu kiwonsu da gaske ba sa barin namiji ɗaya da mace ɗaya a ƙaramin wuri, ko a ba shi mata da yawa ya raba fitinarsa, ko a ware shi sai lokaci-lokaci. Da a ce Ango kilo 70 ne, da Magajiya ce za ta kwana da tsagewa a ƙoƙo, kuma na tabbata ba wanda zai ce a majalisa yana da mugun hali. Cewa za a yi namiji ne.

Ba ma sai an bar su tare ba. Macen kunkuru tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta shekaru, ta yi ta zuba ƙwai mai ɗa da haɗuwa guda. Kwanan da muka tilasta musu, ko da komai lafiya, ba shi da amfani.

A makon na kira mai fasa siminti. Muka fasa daga gindin gwaiba zuwa bakin rariya, aka kwashe ɓaraguzan, aka zuba yashi gauraye da jar ƙasa baro goma sha ɗaya, zurfin ya wuce gwiwa. Hajiya tana kallo ta ce, "Da ma Malam bai so simintin nan ba, ku kuka matsa." A nan take ba ni labarin cewa zamanin da gidan ƙasa ne, sau biyu suna tsintar ƙwai a lungun, ta ɗauka na wata dabba ne ta sa aka zubar.

Magajiya ta haƙa rami huɗu a cikin kwana shida, kowanne ta yi rabi ta bari. Na biyar ɗin, wata Alhamis bayan la'asar a cikin Nuwamba, ta share wuri da ƙafafun gaba, ta juya, ta jiƙa ƙasar da fitsarinta, ta shiga zura ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya tana ɗebo ƙasa kamar mai kwasar tuwo da mara. Ba ta ko waiwayar abin da take yi. Har aka kira magariba tana haƙa. Na dawo daga masallaci na tsuguna a bayanta da fitilar waya, ba ta san ina wurin ba, idonta a buɗe amma kamar ba ta gani. Sai ga na farko ya faɗo, fari, kewayayye, kamar lemon tsami babba. Ta sa ƙafa ta gyara masa zama. Bayan 'yan mintoci wani. Ƙaramar 'yata tana ƙirgawa da raɗa, ta kai 17. Magajiya ta fi awa guda tana mayar da ƙasa tana daddaɓewa da cikinta, har sai da wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Na san ba komai a ciki, Ango bai ko samu ya hau ba. Duk da haka na tono uku, na yi musu alama da fensir a sama yadda Likita ta ce, don ƙwan kunkuru ba a juya shi kamar na kaza. Bayan mako huɗu na haska su a duhu. Ba jijiya, ba komai, ruwa ne kawai rawaya.

Kwana biyu da zuba ƙwan ta cinye damin harawa, ta bi uwargida har ƙofar ɗaki saboda lalle. Kyanwa ta koma kan ƙoƙonta.

Ango ya warke, tabon na nan. Bana da ruwa ya ɗauke abokina ya dawo da maganar, amma da tsari. Wansa yana da fili katange a hanyar Gwarzo, wajen Janguza, ciyawa har gwiwa, ga tulin bulo nan da can inda ɗaya zai ɓace wa ɗaya. Ba gidanta ba, ba gidansa ba. Muka kai su da sassafe kafin rana ta yi zafi, muka ajiye kowa a kusurwarsa, muka tsaya da faffaɗan katako a hannu, don ba mai sake sa ƙafa. Magajiya ta sa kai cikin ciyawa, irin cin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ango ya gano ta, ya taho. Da ya rage taku biyu ta ɗago, ta miƙe a kan ƙafafun nan. Bai jira ba, ya shige ƙoƙonsa ya yi lamo. Ta kewaye shi ta ci gaba da kiwonta. Awa ɗaya da rabi muna tsaye, ba tunkuyi, ba barbara. Muka loda su muka dawo.

A hanya nake tambayar abokina, to in an dace fa? Zubi ɗaya ƙwai 15 zuwa 30 ne, kuma mace na iya zubi fiye da ɗaya a shekara. Kowane ɗa in ya rayu zai iya haura shekara 70. Kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso, mai suna Alagba, da ya mutu a 2019, cewa aka yi shekararsa 344. Masana sun ce an yi ƙari, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ka ɗauka ya ishi mutum da ɗansa. Ni guda ɗaya na gada, ga shi sai da na fasa tsakar gida. Wa zan ba ashirin?

Shi kuma yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Kunkurun nan yana ƙarewa a daji. Shanu da awaki sun cinye ciyawar da yake ci, hamada na matsowa, ga masu kamawa suna sayarwa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. A Senegal har wani wuri aka keɓe a Noflaye, kusa da Dakar, ana kiwonsu. Ya ce duk ɗan da aka ƙyanƙyashe a gida, an bar wani a daji ke nan. Na ce haka ne, in wanda ya saya zai ba shi ciyawa da ƙasa da rana. Amma na san inda akasarinsu za su ƙare: bayan ɗaki a kan siminti, ana zuba musu ragowar tuwo da shinkafa, ƙoƙon ya taso tudu-tudu. Ba zagin kowa nake ba, mu ma mun yi. Tudun da ke bayan Magajiya tuwon gidanmu ne.

Ba mu rabu a kan komai ba. Shekaranjiya ya kira ni da dare, ina zaune wajen Hajiya, wayar a buɗe tana ji. Ya ce ya auna Ango, ya ƙara kilo uku, yanzu ciyawa da harawa kawai yake ba shi. "Ka ba shi shekara biyar, mutumina, za ka ga aiki."

Hajiya ta ajiye carbinta ta ce, "Ka gaishe shi. Ka ce in sun shirya, wannan karon ya turo magabata."